RANAR CIKA CINIKIN GIDA

Karatu: Irmiya 32:6-15

Babu magidancin da ba ya marmarin ranar da zai huta da biyan kuɗin haya. Mutum ya yi shekara goma ko ashirin yana tari. Matarsa tana zubin adashi. An sayar da gyaɗa, an sayar da bijimi, wani ma har da kuɗin sallamarsa daga wurin aiki ya haɗa a ciki. Dillali ya nuna gida, an gani an yaba, an taya, mai gida ya ce albarka, an ƙara, ya sallama, an ba da kafin alƙalami. Yanzu saura rana guda, ranar da za a cika kuɗi, a sa hannu a takarda, a miƙa makulli. Abin da mutum ya tara cikin shekara ashirin, a cikin sa'a biyu zai bar hannunsa.

Da yawa daga cikinmu mu kan shiga wannan rana ba mu san abin da za mu tarar ba. Waɗansu kuma suna tsammani wannan sha'anin duniya ne, ba ruwan Allah da shi. A ganinsu addu'a ta ranar Lahadi ce, ciniki kuwa na dillali da lauya ne. Littafi Mai Tsarki bai ɗauke shi haka ba. A wuri uku ya tsaya ya ba mu labarin ranar cika ciniki filla-filla: na Ibrahim, na Bo'aza, da na Irmiya. Tun da Allah ya ga ya kamata a rubuta waɗannan, ashe yana duban yadda mu ke saye da sayarwa. A duka ukun kuwa abu guda mu ke gani: an yi kome a fili, a gaban mutane, ba ɓoye-ɓoye.

CINIKIN IRMIYA

A shekara ta goma ta sarautar Zadakiya, wajen shekara 587 kafin haihuwar Almasihu, rundunar Babila ta kewaye Urushalima. Annabi Irmiya kuwa yana tsare a farfajiyar matsara ta gidan sarki. A wannan hali ne Hanamel, ɗan ɗan'uwan ubansa, ya zo masa da tallan gona a garinsu Anatot, kamar mil 3 daga birnin. Wa zai sayi gona a lokacin da abokan gaba su ke tattake ƙasa? Amma Ubangiji ya riga ya gaya wa Irmiya zancen, saboda haka ya saya.

Mu duba yadda ya yi. Ya rubuta takardar ciniki, ya sa hannu, ya buga hatimi. Ya kira shaidu. Ya auna kuɗin a ma'auni, shekel 17 na azurfa. Takardun guda biyu ne, ɗaya a rufe da hatimi, ɗaya a buɗe. Ya miƙa su ga Baruk ɗan Neriya a idon Hanamel da shaidu da dukan Yahudawan da ke zaune a farfajiyar. Ya umurta a sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Bayan wannan duka ya yi addu'a.

Ga annabi, ga ɗan'uwansa na jini, ga kuma umurnin Allah kansa a kan cinikin. Duk da haka Irmiya bai ce, ai mu ɗaya ne, me za a yi da takarda ba. Wannan ya ishe mu amsa ga wanda ya ke cewa neman shaidu tsakanin masu bi rashin yarda ne. Mai saye zai mutu, mai sayarwa zai mutu, 'ya'yansu ba su ji abin da aka faɗa a zaure ba. Takarda da shaidu su ne za su tsare zumunci bayan ranmu.

DA SAFE: MU ZAGA GIDAN

Abu na fari a ranar, kafin kuɗi ya fita daga hannunmu, shi ne mu koma mu ga gidan da idonmu. Gani ya kori ji. Mu shiga daga zaure har ƙuryar ɗaki. Ƙyamaren da mu ka gani ran taya, suna nan? An cire tagogi ko famfo? Kwano yana yoyo, ko gara ta ci katako? Akwai bashin kuɗin wuta ko na ruwa? In akwai 'yan haya, sun san an sayar, an kuwa shirya ranar tashinsu cikin mutunci? Kome da aka yi alkawari za a bari ko za a gyara, yau ce ranar ganinsa. Gobe magana ta zama roƙo.

Sa'an nan mu bi iyaka da ƙafa, tare da mai sayarwa da maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa. In safiyo ya auna filin, a nuna mana duwatsun iyaka, a gwada su da taswira. Sa'anda Ibrahim ya sayi kogon Makfela daga hannun Efron, an ambaci gonar, da kogon, har da itatuwan da ke cikin iyakarta (Farawa 23). Ba a bar ko itace guda cikin duhu ba. Shari'ar Musa kuma ta la'anci mai kawar da alamar iyakar maƙwabcinsa (Kubawar Shari'a 27:17). Taku biyu na ƙasa bai kai kome ba, amma ya isa ya raba maƙwabta har jikoki.

SU WA ZA SU ZAUNA

Za mu tarar da mai sayarwa da shaidunsa, mu ma mu zo da namu. Dillali yana nan yana jiran la'adarsa. A garuruwanmu mai unguwa ko wakilinsa ya kan halarta, gama shi ya san asalin kowane gida. In gidan mai satifiket ne, lauya zai zo da takardar da ya tsara. Ya kamata mu gayyaci dattijo ɗaya ko biyu na ekklesiya, masu natsuwa, waɗanda su ka iya karatu. Shaidu kuma kada su zama tsofaffi duka. A sa matasa a ciki, domin a sami mai tunawa bayan shekara talatin.

Bo'aza bai yi cinikin gonar Elimelek a ɓoye ba. Ya zauna a ƙofar Baitalami, ya kira dattawa goma, ya fara ba wanda ya fi shi kusa dama ya saya. Sai da wannan ya janye a gaban kowa, ya tuɓe takalminsa bisa ga al'adar lokacin, kana Bo'aza ya karɓa (Rut 4). Ya tambayi mai hakki tukuna.

A nan ne babban hatsari ya ke, wato gidan gado. Sau da yawa babban ɗa ya kan sayar da gidan uba ba da sanin ƙannensa ba, balle 'yan'uwansa mata, balle uwarsu. Irin wannan gida ya kan yi araha, a kan kuma yi ta gaggauta mai saye. Sauri kuwa ya kan haifi nawa.

Mun san wani ɗan'uwa da ya je cika ciniki, kuɗi a shirye, shaidu a zaune. Da ya shiga zaga gida ya iske wata tsohuwa a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Baba, ina za ku koma?" Ta ɗaga kai ta ce, "Komawa ina, ɗana?" Ashe ba wanda ya gaya mata. Ɗan'uwan nan ya koma zaure ya ce ba zai sa hannu ba sai an kira dukan magada. Ba a kira su ba, ciniki ya watse. Rabin kafin alƙalaminsa bai dawo ba har yau, ya kuma ƙara shekara biyu a gidan haya. Waɗansu sun ce ya yi wauta. Mu dai mun san Allah ya kira kansa mai tsaron gwauraye da marayu, annabi Mika kuma ya yi kuka a kan masu fitar da mata daga gidajensu (Mika 2). Ko da takarda ta tsaya a gaban alƙali, wane barci mai bi zai yi a ɗakin da aka kori tsohuwa daga ciki?

Saboda haka mu tambaya a fili, kowa yana ji: Gidan nan na wa ne? In na gado ne, an raba? Dukan masu rabo sun yarda, sun sa hannu? An jinginar da shi ga banki ko ga wani? In akwai satifiket, ya kamata tun kafin ranar lauya ya bincika a ofishin filaye, ya tabbatar sunan da ke can shi ne sunan wanda ke zaune a gabanmu.

TAKARDA, DA JARABAR DA KE CIKINTA

Yanzu za a kawo takarda. Kada kunya ta hana mu cewa a karanta ta da ƙarfi daga farko har ƙarshe. In da Turanci ta ke, a fassara wa kowa. Mu duba sunaye, da kwatancin gida da iyakarsa, da yawan kuɗi, da kwanan wata. Kada mu sa hannu ko mu dangwala yatsa a takardar da aka bar wani gurbi a cikinta za a cika daga baya. Kowane gefe ya tafi da tasa, kamar yadda na Irmiya su ka zama biyu.

A daidai nan wani zai matso ya yi mana raɗa. Zai ce, "Malam, a rubuta rabin kuɗin mana, domin kuɗin hatimi da na rajista su yi sauƙi. Kowa haka ya ke yi." Maganar za ta yi daɗin ji, gama aljihu ya riga ya bushe. 'Yan'uwa, mu tuna da Hananiya da Safiratu (Ayyukan Manzanni 5). Su ma fili su ka sayar. Bitrus ya nuna wa Hananiya cewa filin nasa ne, kuɗin ma nasa ne, ba wanda ya tilasta shi. Zunubinsu guda ne: sun faɗi kuɗin da ba shi ne kuɗin ba. Bayan kamar sa'a uku aka tambayi matar yawan kuɗin, ta maimaita ƙaryar, aka binne ta kusa da mijinta.

Wanda ya rubuta ƙarya a takardar gida ya sa shaidunsa su ma sun yi shaidar zur, har da dattijon ekklesiya da ya gayyato. Ya hana hukuma hakkinta, alhali manzo Bulus ya koya mana mu biya haraji ga wanda ya wajaba (Romawa 13). Ya kuma haƙa wa kansa rami, gama in rigima ta tashi aka ce a mayar masa da kuɗinsa, abin da ke rubuce shi alƙali zai fara dubawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Maƙwabtanmu kuma suna zaune a wurin, da yawansu ba masu bi ba ne. Ba su taɓa shiga ɗakin sujada sun ji wa'azinmu ba, amma a ranar nan za su ga irin Kiristan da ya shigo unguwarsu.

KUƊI DA MAKULLI

A zamanin iyayenmu a kan zube fam da sule a kan tabarma a ƙirga. Tun 1973 naira mu ke ƙirgawa, yanzu kuwa yawanci ta banki a ke turawa. Ko ta wace hanya, ka'idar ba ta sake ba. A biya a gaban shaidu, a hannun mai gidan kansa ko a asusun da ke da sunansa. Mai sayarwa ya tabbatar kuɗin ya shiga, ya ba da rasit. La'adar dillali da ladan lauya, a san yawansu da wanda zai biya tun kafin ranar, domin kada murna ta ƙare da cacar baki. Mu tanadi wani abu a gefe kuma, gama kuɗin gida ba shi ne ƙarshen kashewa ba.

Efron ya yi wa Ibrahim tayin kyauta, Ibrahim ya ƙi, ya auna masa shekel 400 na azurfa cif, da ma'aunin da fatake su ka sani. Mu ma mu cika abin da mu ka ɗauka. Kada mu zo ranar da sabon ciniki, muna neman ragi domin mun ga mai gida yana cikin matsi. Wataƙila ciwo ne ko bashi ya sa shi sayarwa. Ranar murnarmu ce, amma ga shi wataƙila ranar baƙin ciki ce, yana barin gidan da aka haifi 'ya'yansa. Mu yi masa magana mai taushi. In ya roƙi kwana kaɗan ya kwashe kaya, mu ba shi, a rubuta.

Daga nan sai a miƙa mana takardun asali na gidan, da taswira, da tsofaffin rasit, kana makulli. Mutane za su ce Allah ya sa albarka, Allah ya sa a shiga a sa'a. Mu amsa da godiya.

Amma aiki bai ƙare ba. A Nijeriya, bisa ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wanda ke riƙe da izinin Gwamna ba shi da iko ya mayar da shi ga wani sai da yardar Gwamna. Saboda haka sai a kai takardar ofishin filaye a nemi yardar, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista. Wannan ya kan ɗauki watanni, a nan ma za a gwada haƙurinmu, gama za a sami mai cewa a ba da na goro domin takarda ta yi sauri. Mu biya abin da doka ta sa, mu karɓi rasit, mu jira. Gidan da ba shi da satifiket, sai takardar mai unguwa, mai shi ya yi ƙoƙari ya nema masa takardun hukuma tun shaidu suna da rai. 'Yan'uwanmu na Nijar da Ghana da Kamaru dokokinsu dabam ne, sai su tambayi masana na wurinsu.

Sa'an nan mu nemi tamu tukunyar ƙasa. Dabarar Irmiya ba ta banza ba ce. A shekara ta 1947 makiyaya su ka sami tuluna a wani kogo kusa da Tekun Gishiri, a ciki har da littafin Ishaya da aka rubuta da hannu wajen shekara 2000 da su ka wuce. Mu ajiye takardunmu inda gara da ruwa da wuta ba za su kai ba, mu yi hotonsu mu ba wani amintacce. Matar gida kuma ta san inda su ke. In guminta yana cikin kuɗin, sunanta ya shiga takardar. Mun sha ganin gwauruwa a ekklesiya da dangin miji su ka fitar da ita da 'ya'yanta, domin ba ta da abin nunawa. Miji mai ƙauna ya kan toshe wannan ƙofa tun yana da rai.

ABIN DA TAKARDAR KE FAƊI

Da dare, sa'anda baƙi su ka watse, mu kunna fitila mu sake karanta satifiket ɗin a hankali. Muna kiransa takardar mallaka, amma abin da ke ciki izinin zama ne. Tun 1910 doka ta sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin kulawar Gwamna domin amfanin mutanen ƙasa, dokar 1962 ta bi sawunta, ta 1978 kuma ta game Nijeriya duka. Ga gidan zama yawanci shekara 99 a ke bayarwa, da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Mai saye kuma sauran shekarun ya ke karɓa: in an ba da takardar shekara 30 da su ka wuce, 69 su ka rage. In kuwa hukuma ta bukaci wurin domin amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta, tana da iko ta karɓa ta biya diyya.

Wannan kada ya ɓata mana rai, gama wa'azi ne a hannunmu. Tun a Levitikus 25:23 Allah ya hana Isra'ila sayar da ƙasa har abada, ya tuna musu cewa shi ne mai ita, su kuwa baƙi ne a wurinsa. Wa a cikinmu zai cika shekara 99 a gidan da ya saya yau? Mun bar haya a hannun mutum, amma har yanzu a gidan Allah mu ke, shi ne kuwa ya san ranar tashinmu. Ibrahim, wanda aka yi wa alkawarin ƙasar Kan'ana duka, abin da ya saya a cikinta da kuɗinsa wurin kabari ne.

In haka ne, gidan amana ne. A buɗe zaurensa ga baƙo da mai bishara mai wucewa. A yi addu'ar safe da ta yamma a tsakar gidansa. Kafin mu shigar da gado da tukwane, mu kira 'yan'uwa a durƙusa a miƙa shi ga Mai shi, kamar yadda Irmiya ya gama ciniki ya juya ga addu'a.

GA WANDA BA ZAI TAƁA SAYE BA

Mun sani da yawa cikin masu karanta wannan ba su da begen sayen gida. Abincin yau ma da ƙyar. Ɗan'uwa, kada ka ga kamar an bar ka a baya. Ubangijinmu kansa bai mallaki ɗaki ba a duniyan nan, kabarin da aka sa shi ma na wani ne. Amma akwai cinikin da aka riga aka cika dominka. An yi shi a fili, a bayan birnin Urushalima, da rana tsaka, a gaban shaidu masu yawa. Ba a auna azurfa ba, jinin Almasihu ne kuɗin (1 Bitrus 1:18-19). Ba a rage kome ba, ba a bar bashi ba. Abin da aka saya kuwa kai ne.

Hatimi ma an buga. Bulus ya gaya wa Afisawa cewa Ruhu Mai Tsarki shi ne hatimin masu bi, shi ne kuma kamar kafin alƙalami na gadon da ke zuwa (Afisawa 1:13-14). Mun san ma'anar kafin alƙalami: wanda ya ba da shi ya ɗaure kansa zai dawo ya cika. Mutum ya kan ba da shi ya fasa, Allah ba ya fasawa. Yesu ya yi wa almajiransa alkawarin mazauni wurin Uba, shi da kansa kuma zai dawo ya kai su (Yohanna 14). Wannan mazauni ba a ƙayyade masa shekara 99 ba.

Mai karatu, ko kana da satifiket a akwati ko ba ka da shi, ka karɓi Mai Ceton nan? In ka karɓe shi, to, ka yi cinikinka na duniya kamar wanda aka saya da tsada: a fili, da gaskiya, da tausayi.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai ne mai ƙasa da abin da ke cikinta. Ka ba bayinka masu neman wurin zama biyan bukata. Ka tsare hannunmu daga rubuta ƙarya, ka tsare ƙafarmu daga shiga hakkin gwauruwa da maraya. Gidajen da ka ba mu riƙo, ka sa su zama wurin salama da yabonka, har ranar da za ka kira mu gida. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.